Takobi a Ƙirji: Abin da "Goblin" Ke Bari a Zuciyar Mai Kallo

Tun a watan Janairun 2017 tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta haska kashi na 16 kuma na ƙarshe na wasan kwaikwayon "Goblin", amma har yau masoyansa na zuwa gaɓar tekun Jumunjin da ke birnin Gangneung, da jan mayafi a wuya da furanni a hannu, domin ɗaukar hoto a inda jarumin ya fara bayyana gaban jarumar. Wasan ya jawo wa marubuciyarsa, Kim Eun-sook, babbar lambar yabo ta Baeksang a shekarar, yayin da Gong Yoo ya zama gwarzon jarumin talabijin.

A Najeriya ma irin waɗannan wasanni ba baƙi ba ne. Tun zamanin "Jumong" suka samu gindin zama, kuma tun 2010 Koriya ke da cibiyar al'adu a Abuja.

Galibi soyayya ce ke jawo mai kallo. Kim Shin sarkin yaƙi ne a daular Goryeo, wanda aka kashe da takobinsa, sannan aka tashe shi a matsayin dokkaebi, wata halitta mai kama da aljani a tatsuniyoyin Koriya. Shekara 939 ke nan yana raye da takobin a ƙirji, yana binne duk wanda ya shaƙu da shi, ba ya kuma manta mutuwar kowa. Amaryar da ƙaddara ta zaɓa masa kaɗai ke iya zare takobin, kuma zarewar ita ce ajalinsa. Da ya same ta, wata marainiya mai suna Ji Eun-tak, sai ya ji a karon farko yana son ya rayu. Wannan gaba kura baya siyaki ce ke hana mai kallo barci.

To amma ma'aikacin da ya san zaman ofis yakan tsinci kansa a wani sashen labarin. Kim Shin bai ci amanar kowa ba. Laifinsa shi ne nasara. Duk lokacin da ya dawo daga fagen daga jama'a na yi masa kirari, sai wani bafade mai suna Park Joong-heon, wanda ya raini sarki Wang Yeo tun yana yaro, ya raɗa wa sarkin cewa farin jinin bawa barazana ce ga ubangidansa. Yau da gobe sai maganar ta shiga. Sarkin ya sa aka kashe sarkin yaƙinsa, aka harbe sarauniya, wadda ƙanwar Kim Shin ce, sannan ya ƙare rayuwarsa cikin nadama. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kalma guda a kunnen maigida ke rusa aikin shekaru ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi.

Marubuciyar ta kuma ajiye wani irin hadimi a gefe guda: zuriyar Yoo, waɗanda suka gaji hidimar Kim Shin kaka da kakanni, suna riƙe sirrinsa da dukiyarsa ba tare da ha'inci ba. Kusanci iri ɗaya ne da mai iko, sai dai ɗaya ya mayar da shi guba, ɗayan ya mayar da shi amana.

Sai kuma masu ɗaukar rai, waɗanda wasan ya siffanta tamkar ma'aikatan gwamnati. Suna sanye da baƙar kwat da baƙar malafa, katin sunan mamaci na iso musu da lokaci da sanadi, suna cike takardu, suna ƙorafin yawan aiki, akwai manya da ƙanana, har da sashen bincike mai hukunta wanda ya yi amfani da ikonsa don buƙatar kansa. Mai kallo yakan yi dariya a nan, kafin ya gano cewa mai ɗaukar ran da Lee Dong-wook ya fito a matsayinsa shi ne sarkin nan Wang Yeo, an shafe masa tunani. Hukuncin da masu binciken suka yanke masa shi ne mayar masa da tunaninsa, ya tuna abin da hannunsa ya aikata.

Wasan bai tsira daga suka ba. Masu kallo da dama, har a Koriya, sun nuna rashin jin daɗi da yadda aka ƙulla soyayya tsakanin ɗaliba 'yar sakandare mai shekara 19 da namijin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Wasu sun gaji da tallar kayayyaki da aka cusa cikin labarin. Haka nan ginshiƙinsa, wato sake dawowa duniya bayan mutuwa, ya saɓa wa aƙidar mafi yawan masu kallo a ƙasar nan, don haka suke ɗaukarsa a matsayin tatsuniya, kamar yadda babu mai neman gaskiyar Gizo kafin ya ɗauki darasinsa.

Inda hawaye suka fi zuba shi ne ɗakin shayin mai ɗaukar rai, inda ake miƙa wa kowane mamaci kofin da zai mantar da shi duniya. Wasu na sha da godiya, wasu a hana su domin su tafi da nauyin laifinsu. Eun-tak, wadda ta tare babbar mota da tata motar don ceton yara 'yan makaranta, ta ƙi sha domin kada ta manta mijinta.

Daga nan ne mai kallo ke tashi da tambayar da ta fi ƙarfin soyayya: idan aka tara masa duk abin da ya raɗa, da duk takardar da ya sa wa hannu, zai so ya tuna, ko kofin zai roƙa?