Ganyen Miya da Ginin Ƙashi

Mutane da yawa suna tsammani ƙashi abu ne busasshe kamar itace, da zarar ya gama girma shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum duk suna da rai. Kullum jiki yana kankare tsohon ƙashi yana sa sabo, kamar yadda ake sake yaɓen ɗakin ƙasa bayan damina. A cikin shekara kamar 10, kusan dukan ƙashin mutum ya sabunta.

Su wa ke wannan gini? Idan kun fasa ƙashin saniya kun ga ɓargo a ciki. A cikin ɓargo akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, za mu kira su uwayen ƙwayoyi. Suna kama da yaron da bai zaɓi sana'a ba tukuna. Ɗaya tana iya zama magina mai yin sabon ƙashi, tana kuma iya zama kitse kawai. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Alexander Friedenstein, shi ya gano su wajen shekarun 1960 zuwa 1970. Ran da ƙafa ta karye, su ne suke taruwa a wurin su haɗa ta.

Amma suna da abokin gāba. Ku yanka ɗanyar doya ku ajiye, ba da jimawa ba za ta sāke launi, gama iska ta taɓa ta. Irin wannan tsatsa tana faruwa a cikin jiki. Tsufa yana ƙara ta, haka ma taba sigari, da hayaƙin murhu, da akpeteshi, da ciwon sukari. In ta yi yawa, uwayen ƙwayoyi sukan karkata zuwa kitse, magina su ragu. Wannan yana cikin dalilan da ke sa tsohuwa ta zame a bakin rijiya kwankwasonta ya karye, alhali jikarta ta fāɗi a wurin ta tashi tana dariya. Mata sun fi shiga wannan haɗari bayan haila ta ɗauke.

Yanzu ku matsa lemun tsami a kan doyar nan, za ku ga ta daɗe da farinta. Tsire-tsire suna da abubuwa masu hana tsatsa, kuma ba sai an je Akara neman su ba. Suna cikin zogale, da kuka, da yakuwa, da ayoyo, da alefu, da zoɓon da ake yin sobolo, da albasar nan ta Bawku, musamman ja. Masana sun gwada irin waɗannan abubuwa a kan uwayen ƙwayoyi a cikin kwalba, da kuma a jikin ɓeraye, suka ga sau da yawa magina sun ƙaru.

A nan sai ku saurara da kyau. Kwalba da ɓera ba mutum ba ne. Masu tallar magani a cikin mota da ranar kasuwa sukan ɗauki wannan labari su sayar muku da ƙwayoyin zogale a kuɗin da zai ciyar da gida mako guda, wai suna ɗora karaya. Ni dai ban ga dalilin sayen abin da ke tsaye a bayan gidanku ba. Babu ganyen da ke miƙe ƙashin da ya goce. Wanda ya fāɗi daga moto, in ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi ko baƙi bayan ɗauri, a kawo shi asibiti ran nan, kada a kwana. Karayar da ta fi ƙarfinmu mukan tura ta Tamale.

Aikin ganye shi ne ciyar da magina, kuma dahuwa tana iya ɓata shi. Bitamin C, wanda jiki ba ya iya saƙa zaren ƙashi sai da shi, yana mutuwa in miya ta daɗe a wuta, kanwa mai yawa kuma tana kashe shi. Ku sa ganye a ƙarshe, ku rage kanwa. Ganyen da za ku ajiye don rani, ku shanya shi a inuwa. Garin 'ya'yan kuka kuwa ku dama shi da ruwa mai tsabta ba tare da tafasawa ba.

Magini kuma ba ya gini sai da ƙasa. Ƙasar ƙashi ita ce kalsiyam. Mutanen Salaga suna kusa da ruwan Volta, sai su ci ƙananan kifi duk da ƙayarsu, ko a daka su cikin miya. A Yendi da Bawku akwai nono da wagashi wajen Fulani, a tafasa madarar tukuna. Mai karaya yana bukatar waɗannan, da wake da gyaɗa, har mako 6 zuwa 12 da ƙashin babba yakan ɗauka kafin ya haɗe. In yana shan taba, ya ajiye ta tun daga ranar farko.