Gyaran Ramin Fulogi Idan Haƙoransa Sun Cinye

Ran nan muna dawowa daga Sabon Gari za mu Samaru, mun wuce Kwangila ke nan, sai motar da mu ke ciki ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, ƙarfinta kuma ya ragu. Direba ya ratse gefen hanya ya buɗe bonet. Ashe fulogi guda ne ya yi tsalle ya fita daga raminsa, yana reto a jikin wayarsa. Direba ya mai da shi, ya yi ta murɗawa, fulogi na ta juyawa ya ƙi kamawa. Wani dattijon bakanike da aka kirawo daga wajen Jama'a ya shafa gindin fulogin, ya nuna mana wani farin gari mai walƙiya a yatsansa, ya ce, "Ga haƙoran ramin nan, sun biyo shi." Ran nan direban bai sami kuɗin cefane ba. Wannan ne ya sa muka bincika al'amarin, muka ga ya kamata mu gaya wa 'yan'uwanmu abin da muka koya.

Da fari sai mu san abin da ya lalace. Fulogi shi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur a cikin silinda. Mazauninsa wani rami ne a kan inji, watau murfin da ya rufe silindodi daga sama. A jikin fulogi da cikin ramin akwai haƙora masu zagayawa, waɗanda kanikawa su ke kira tiredi. Fulogin da aka fi sani kaurinsa milimita 14 ne, tsakanin haƙori da haƙori kuwa milimita 1.25. Mai dogon gindi, na milimita 19, yana da zagaye wajen 15. Mai gajeren gindi, na milimita 12.7, wajen 10 kaɗai. Waɗannan 'yan siraran haƙora su ke riƙe fulogi sa'ad da wuta ta tashi a ƙarƙashinsa. Kadan inji yana juyi 3,000 a minti, ko wane fulogi yana kunna wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Ban da riƙo kuma, ta jikin haƙoran nan fulogi ke zubar da zafinsa, ta nan kuma lantarkinsa ke komawa jikin inji.

To, me ke cinye su? Dā can da baƙin ƙarfe a kan yi kan inji. Daga baya masu ƙira suka koma ga alminiyam, wanda mu ke kira goran ruwa, domin ba shi da nauyi, yana kuma sakin zafi da sauri. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 kan injinta na alminiyam ne, haka kuma yawancin motoci da babura na bayanta. Amma fa alminiyam taushi gare shi, fulogi kuwa ƙarfe ne mai tauri. In suka yi gardama, ramin ne ke shan kashi.

Gardamar kan zo ta hanya huɗu. Ta farko, a sa fulogi a karkace, a bi shi da sifana tun bai hau hanyarsa ba. Wannan ya fi aukuwa inda ramin ya ke da zurfi, ido ba ya gani. Ta biyu, a ɗaure shi fiye da kima. Ta uku, a kwance shi inji na da zafi, gama alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, ya kuma ƙara laushi. Ta huɗu, a sa fulogi wanda ya fi ramin tsawo, bakinsa ya leƙa cikin silinda ya tara baƙin gawayi, ran fitarwa gawayin ya kankare haƙoran. Ku duba, duk huɗun daga hannun mutum su ke.

Kafin a taɓa kome sai a auna girman ɓarnar. Kadan haƙora biyu ko uku na bakin rami ne suka lanƙwashe, akwai wani ƙarfe mai siffar fulogi da a ke shafa wa giris a bi ramin da shi a hankali, ya miƙe su ba tare da ya yanki sabon wuri ba. Kadan kuwa fulogi yana juyawa ba ya kamawa, haƙoran sun tafi, sai a faɗaɗa ramin a dasa masa sababbi. In an ga tsaga a gefen ramin, dashe ba ya magani, sai walda ko sake kan inji.

Dashen iri biyu ne. Akwai na waya, wanda aka fi sani da sunan Heli-Coil, wata nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe ce marar tsatsa, bayanta ya kama sabon ramin, cikinta ya karɓi fulogi. A Amurka aka ƙago ta wajen ƙarshen shekarun 1930, saboda injin jirgin sama wanda shi ma da alminiyam a ke yin kansa. Akwai kuma na zobe, watau ɗan bututun ƙarfe mai haƙora ciki da waje, wanda a ke buɗa gindinsa bayan an ɗaura domin ya kafe. Ga ramin fulogi, wanda za a yi ta kwancewa da ɗaurewa, kanikawa da yawa sun fi amincewa da zoben, don waya ta kan biyo fulogi wani lokaci.

Hanya mafi lafiya ita ce a sauke kan inji a yi aikin bisa tebur, inda za a ga ramin ciki da waje. Amma wannan yana cin yini, da kuɗin sabon gasket. Saboda haka sau da yawa a kan yi shi a jikin mota, nan kuwa hatsarin ya ke. Ƙasan ramin silinda ce, duk ɓarɓashin da ya faɗa ciki yana iya karce bangonta ko ya maƙale a bakin bawul. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ga yadda masu hankali su ke yi. A bar inji ya huce sarai. A juya shi da hannu har bawul biyu na silindar su rufe, fistin kuma ya yi ƙasa yadda mayanki ba zai taɓa shi ba. Mayankin shi ne kanikawa ke kira taf, na wannan aiki kuwa yana da siririn baki mai bin sawun tsofaffin haƙora, don kada ya kauce. A cika kwarin jikinsa da giris, ɓarɓashi ya manne a ciki. A murɗa kaɗan, a komo baya, a fitar a goge, a sake shafa giris, a koma. Wanda ya so ya gama da shiga guda, shi ne ke zuba wa silinda gari. Tilas kuma mayankin ya tsaya sak, gama ramin da aka yanka a karkace ba ya sake miƙewa, fulogi ba zai zauna daidai ba, iska za ta riƙa tsira ta gefensa.

Bayan an gama yanka sai a wanke ramin, a hura iska cikin silinda, sa'an nan a cire wutar inji da fetur, a buga sitata kaɗan ramin na buɗe, fistin ya tunkuɗo sauran dattin. Sai a ɗaura dashen. Tsawonsa ya zama daidai da gindin fulogi. In ya yi tsawo ya leƙa cikin silinda zai yi ja, ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba, wannan kuwa yana iya huda fistin. In na waya ne mai ɗan kunne a ƙasa, a karya kunnen a fito da shi, kada ya faɗa ciki.

Akwai wani gyara da mu ke roƙon kowa ya guje shi, watau naɗa wa fulogi zare ko gwangwani, ko a liƙe shi da gam. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Motar ta kan bar gareji lafiya, amma zafi ba ya samun mafita, ran da ta ɗauki kaya a hanyar Funtuwa fulogin ya sake tashi, ramin kuma ya ƙara lalacewa. Bakaniken da ya yi haka bai faɗa wa mai mota ba ya ci amana.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko kwabo. A kwance fulogi inji na sanyi, bayan an hure ƙurar da ke kewaye da shi. A sa sabo da yatsu, ya shiga zagaye da yawa ba gardama, in ya cije a fitar a sake. Sai ya zauna a kawo sifana. Sabon fulogi mai washa rabin zagaye ya kan ishe shi, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan motsi kaɗan. Wannan ka'ida ɗaya ce ga mota, da babur, da janareta, da injin ban ruwa na manoman rani a bakin Galma.

Mu da za mu fita mu koya wa yara, ya kamata mu fara da hannuwanmu. Duk wanda ya zo ɗakin aiki ran Asabar, akwai tsohon kan inji da muka ajiye domin gwaji.