Abincin Saniyar Tatsa Daga Gona Yake Farawa

Yau za mu yi magana a kan harawa, da kuma takin da ke sa ta yi kyau.

Duk wanda ke da saniyar tatsa a ƙasar Kebbe da Tambuwal ya san wahalar bazara. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar damina ciyawar daji ta bushe, ta zama kamar tsinke. Saniya takan ci cikinta ya cika, amma nono sai raguwa yake yi, maraƙi yana ramewa, uwargida kuma ta rasa abin kai wa kasuwa. Dalili shi ne, abin da ke gina jiki, wanda masana ke kira furotin, ya kusa ƙarewa cikin busasshiyar ciyawa. Yakan sauka zuwa kashi 3 cikin 100, alhali ƙwayoyin da ke narkar da abinci cikin tumbin saniya suna bukatar wajen kashi 7 kafin su yi aikinsu sosai.

A Amurka da Turai masu shanun madara sun dogara ga wata shuka mai suna alfalfa, wadda furotin ɗinta ke kaiwa wajen kashi 18 zuwa 20. Mu nan sai da ban ruwa take yi, ba ta kuma son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Amma danginta na nan a gonakinmu: wake, da gyaɗa, da waken lablab. Abin da take bukata, su ma shi suke bukata.

To, bari mu duba. In kun tumɓuke wake mai lafiya, za ku ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki ke nan: ƙwayoyin da ke ciki suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar. Naitirojin ɗin nan shi ke zama furotin cikin ganye. Saboda haka zuba wa wake yuriya mai yawa asarar kuɗi ce, har ma takan sa ƙulle-ƙullen su yi kasala. Mun sha ganin manomi ya yi haka da ragowar takin masararsa, yana tsammani gata ya yi wa gonar.

Abin da ƙasarmu mai yashi ta fi rasawa shi ne fosfaras. In babu shi saiwa ba ta yaɗuwa, ƙulle-ƙullen ba sa yawa, ganye kuma ya yi ƙanana. Takin supa shi ke da shi. Lokacin shuka ake sa shi, a binne kusa da iri, gama ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. Wanda ya watsa shi bisa bayan wake ya girma ya makara. A shekarun 1980, lokacin da hukumar ILCA ta koya wa Fulani a wajen Kachia kafa makiyayar ciyawar sitailo, da supa aka yi ta.

Kada kuma mu raina takin gida. Duk daurin harawar da aka fitar daga gona ya tafi da abincin ƙasa, musamman fotash. Kashin shanu da tokar murhu suna mayar da shi. Saniyar da ta ci harawa, a kwashe takinta a kai gonar da harawar ta fito.

Sauran aikin yana wurin yanka. Yawancin furotin cikin ganye yake, ba cikin kara ba. In aka bar wake har ganyensa ya kaɗe, an yi takin a banza. A yanke shi da sauran kore, a naɗe shi da safe kafin ganye ya yi ƙarau, a ajiye inda rana da ruwa ba za su doke shi ba. Harawar da ta yi wata uku bisa rufin ɗaki ba rufi, ta waje duk ta koɗe.

In harawar ba ta da yawa, kada a raba wa garke duka. A keɓe ta ga masu tatsa da masu tsohon ciki, ɗan kaɗan kowace yamma tare da dusa. Mai alfalfa ko lablab ɗanye a fadama kuwa, ya bar shi ya sha iska, ya fara ba saniya busasshen kara tukuna, domin ɗanyen ganye a kan yunwa yana kawo kumburin ciki, wanda ke iya kashe ta cikin awoyi kaɗan.