Ketulbel: Yadda za ka sassauta tsokar da ta ɗaure kafin ta jawo maka ciwon baya

Ketulbel dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi a sama, kamar buta marar baki. Asalinsa daga Rasha ne, inda ake kiransa girya, kuma da shi ake auna hatsi a kasuwa kafin ya zama kayan motsa jiki. Shi ya sa har yau aka fi samun mai nauyin kilo 16, wato kusan tsohon ma'aunin Rasha da ake kira pud. Wani mai horarwa, Pavel Tsatsouline, na cikin waɗanda suka yaɗa shi a Amurka a farkon shekarun 2000.

Babban atisayen da ake yi da shi shi ne lilo: a wurga ƙarfen baya ta tsakanin ƙafafu, a dawo da shi daidai ƙirji. Ƙarfin wannan lilo ba daga hannu yake fitowa ba. Ƙugu da mazaunai da tsokar bayan cinya ne ke yin aikin.

A nan matsalar take. Wanda ke wuni a zaune, a ofis ko a kan babur ko cikin mota, tsokar gaban ƙugunsa da ta bayan cinyarsa sukan ɗaure. Idan ƙugu ya ƙi lanƙwasawa, sai ƙasan baya ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, daga nan ciwo ya fara.

Kafin ka ɗauki ƙarfe

Kada ka ja tsoka tana sanyi. Fara da tafiya da sauri ko sassarfa ta minti biyar, sannan ka yi miƙa mai motsi:

- Dafa bango ka riƙa lilo da ƙafa gaba da baya, sau 10 kowace ƙafa.
- Riƙe ƙaramin ketulbel a ƙirji ka tsuguna, ka tura gwiwoyi waje da gwiwar hannu, sannan ka miƙe. Maimaita sau biyar.
- Zagaya kanka da ƙaramin ƙarfen a hankali, domin kafaɗu su saki.

Bincike ya nuna cewa jan tsoka ɗaya fiye da minti guda daf da atisaye na iya rage mata ƙarfi na ɗan lokaci. Don haka a bar doguwar miƙa sai an gama.

Bayan ka gama

Yanzu jiki ya ɗumama, lokacin miƙa a tsaye cik ya yi. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ba da shawarar riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har ta kai jimillar minti guda, aƙalla kwana biyu ko uku a mako.

Don gaban ƙugu, durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ka matse mazaunin wannan ɓangaren, ka tura ƙugu gaba kaɗan ba tare da gantsarewa ba. Don bayan cinya, kwanta rigingine, ka saƙala tawul a tafin ƙafa, ka ɗaga ƙafar a miƙe har ka ji tana ja.

Ka riƙa numfashi a hankali, kuma kada ka fizga. Abin da ake so shi ne ka ji ja, ba zafi ba.

Idan ɗaurewar ta ƙi tafiya

Wani lokaci tsoka kan ɗaure ne saboda rauni ko yawan aiki, ba don gajarta ba. Idan ka yi makonni kana miƙa ba sauyi, rage nauyin ƙarfen ka gyara tsayuwarka: baya a miƙe, ƙugu ya koma baya kamar za ka rufe ƙofa da mazaunai.

Amma idan ciwo na sauka daga baya zuwa ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi ko tsira-tsira, ajiye ƙarfen ka ga likita.