Sambusar Agwagwa a Ranar Sallah: Dalilin Fara Gasa Naman

A Illela, inda baƙin Sallah kan tsallako daga Birnin Ƙonni, uwargida tana buƙatar abin tarbarsu kafin tuwo ya sauka. Sambusar agwagwa takan fitar da ita kunya, amma da sharaɗi. Kitsen agwagwa a ƙarƙashin fata yake, ya kuma ɗara na kaza nesa ba kusa ba. Idan aka naɗe naman ba a rage shi ba, sai ya narke ya jiƙa ɓawon fulawar, sambusar ta fashe a kasko. Saboda haka a tsattsaga fatar, a gasa bisa garwashi har man ya tsiyaye. A zare tsokar, a haɗa da albasar Galmi da citta, a bari ta huce sarai kafin a naɗe.