Taron Zumunta a Arewacin Zamfara: Yadda Ake Tara Zuri'a a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Ana saura kwana biyu ko uku Sallah, tashar motar Ƙaura Namoda kan cika maƙil. Ga ɗan kasuwa daga Legas da ƙatuwar jakar tsaraba, ga ma'aikaci daga Abuja da iyalinsa, ga 'yan ci-rani da suka kwashe watanni suna ga-ruwa ko acaɓa a birane. A nan hanya ke rabuwa. Ɗaya ta nufi Zurmi, ta wuce Gurbin Bore ta faɗa Jibiya a Jihar Katsina. Ɗaya kuma ta bi ta Moriki ta kai Shinkafi, ta zarce Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Da yawa daga cikin matafiyan ba sallar Idi kaɗai ta kawo su ba. Gidaje masu yawa a wannan yanki sun ware kashegarin Sallah ko rana ta uku don taron zumunta, ranar da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunnen mutum ɗaya ke haɗuwa a zaure ɗaya.

Shekarun baya babu mai buƙatar kwamiti kafin ya ga danginsa. Gandu ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, wanda ya yi nisa shi ne wanda ke unguwar gaba. Abubuwa da dama ne suka warwatsa gidajen. Layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura a 1929, ya kwashi gyaɗa da auduga, ya kuma kwashi samari zuwa Kudu. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis ta ƙulla ciniki da auratayya har Maraɗi. An buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura a 1983, boko ya ƙara tura yara aiki nesa da gida. Da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, wasu ma'aikata suka tattaro suka dawo Gusau, wasu suka yi zamansu can inda suka gina gidaje. Na baya-bayan nan, kuma mafi ciwo, shi ne ta'asar 'yan bindigar daji, wadda ta tashi ƙauyuka ɗungurungum. Yau ba abin mamaki ba ne a samu 'yan ɗaki ɗaya a garuruwa biyar.

Aikin farko: a san su wane ne dangin

Lissafin yana da sauƙi, sai dai yana da ban tsoro ga mai girki. Dattijon da ya bar 'ya'ya 20, in kowannensu ya haifi takwas, jikoki sun kai 160 ke nan, ba a zo kan surukai da tattaɓa-kunne ba. Shi ya sa masu shirya taro ke farawa da rubuta sunaye ɗaki-ɗaki: ɗakin uwargida, ɗakin ta biyu, har zuwa na amarya, kowane ɗaki da wakilinsa.

Gidajen sarauta sun fi kowa sa'a a nan, don tarihi da bakin maroƙa sun adana musu asali. Masu mulkin Zurmi da Ƙaura Fulanin Alibawa ne, kuma garin Ƙaura sunan Namoda yake ɗauke da shi, jarumin da ke cikin jagororin da suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Gidan manomi ko maƙeri ko mahauci kuwa, kundinsa yana kan wata tsohuwa. Ita ta san wadda aka aurar Birnin Magaji tun kafin zuwan jirgi, da wanda ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, da waɗanda suka sha nono ɗaya har aure ya haramta tsakaninsu. Matasan da suka san abin da suke yi kan zauna gabanta da littafi, ko su naɗi muryarta a waya. "Gwaggo, Baffa na Moriki da Inna ta Kware, uwa ɗaya suke ko uba?" Tambaya ɗaya irin wannan kan buɗe labarin da zai kai har la'asar.

Daga littafin sai zauren WhatsApp. Can ake sanar da rana, a tura lambar asusu, a nuna samfurin anko. Amma dattawa ba a gayyatarsu da saƙon waya. Dole wani ya taka ya je, ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Baffan da ya ji labarin taro a bakin jikansa na iya ƙin zuwa, kuma rashinsa zai fi zuwan mutum hamsin amo.

Rana, wuri da hanya

Sallah ce ta fi dacewa saboda hutun gwamnati da kuma kasancewar kowa dama yana hanyar gida. Sai dai shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka Sallah kan zagaya yanayi. Babbar Sallar 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, ta 2025 kuma 6 ga Yuni, wato bakin damina, lokacin da manomi ke sauraron ruwan shuka, kuɗinsa kuma ya tafi taki da ragon layya. Wannan ya sa wasu gidaje suka fi son Ƙaramar Sallah, wasu kuma su jira kaka, sa'ad da gero da dawa suka shigo gida. Masu dabara kan haɗa taron da wata hidima: a ɗaura auren 'yan mata uku ko huɗu rana ɗaya, a yi walimar saukar Alƙur'ani ta yaran gidan, sannan a zauna taron. Tafiya ɗaya, tukunya ɗaya, buƙata uku.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to a arewacin Zamfara ƙafar ce ta shiga haɗari. Dazukan Sububu da Dumburum, da sunansu ya cika labarai, a wannan yanki suke, kuma akwai lokutan da motocin Shinkafi ko Zurmi ke taruwa su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanya. Wanda ke shirya taro yanzu sai ya yi tunanin da kakansa bai taɓa yi ba. Ana fara zama da hantsi a tashi kafin la'asar, don kada dare ya riski kowa a hanya. Wanda ya zo daga nesa ana tanadar masa wurin kwana tun kafin ya taso. Ba a baza rana da wuri a Facebook, ba a kuma yayata cewa wane mai kuɗin gidan zai zo, saboda tsoron masu kai rahoto daji, waɗanda kowa ke kira infoma. Hotuna ma sai an watse ake sakinsu.

Watan Satumbar 2021 ya koya wa mutane darasi. Gwamnati ta katse layukan waya a faɗin jihar, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. Makonni aka yi wanda ke Kano bai san halin da mahaifiyarsa ke ciki a Zurmi ba, sai dai ya ba direba wasiƙa, kamar zamanin da. Gidajen da ke da wakili a kowane gari, wanda aka san ƙofarsa ba lambarsa kaɗai ba, su suka fi saurin jin labarin juna.

Kuɗi da tukunya

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban abin da ke hana talakan dangi zuwa. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wanda ba ya kunyata kowa. A yanka ɗan abin da kowane magidanci zai iya bayarwa duk wata, masu hali su ƙara a asirce, manomi ya kawo tiyar gero ko dawa, mai awaki ya ba da ɗan akuya, matasa su ɗauki aikin kafa rumfa da jera kujeru da ɗebo ruwa. A naɗa ma'aji da magatakarda daga ɗakuna daban-daban, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Zargin cin kuɗin asusu ya kashe tarukan dangi fiye da talauci.

Anko ma sai an yi hattara da shi. In atamfar ta yi tsada, matar da ba ta iya saya ba za ta ƙirƙiro ciwon kai ranar taro.

Cikin gida kuwa mulkin mata ne, kuma sun riga maza sanin tsari. Tun tuni suke da adashi, suke da biki, inda kowace ke riƙe da lissafin gudummawar da aka kawo mata don ta mayar da abin da ya fi shi ranar hidimar 'yar'uwarta. Uwar biki ce ke raba aiki: masu surfe, masu tuƙin tuwo, masu suyar waina, masu damun fura. Wanda ya shekara yana cin shinkafa a birni ba ita ya zo nema ba. Tuwon dawa da miyar kuka ko ta sure yake so, da hoce, da fura mai nonon Fulani. In Babbar Sallah ce, soyayyen naman layya ya rage wa asusu nauyi. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, raba wurin zaman maza da na mata ya ƙara kankama, wa'azi da walima kuma suka ci wani ɓangare na filin da kiɗa ke ci a da.

Duk da haka ƙasar makaɗa ce. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, Kassu Zurmi kuma shi ya yi wa 'yan tauri kiɗan da har yau ake saurare. Dattijo na jin muryar ɗayansu daga wayar wani jika, sai hira ta ɓalle. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, su dasa tsiyarsu, jikoki su tsokani kaka, amaren gidan su sha zolayar ƙannen miji. Da yamma yara su ruga kallon hawa in an yi a shekarar, ko su bi ayarin masu kai gaisuwar Sallah fada.

Abin da ake tattaunawa bayan an ci an sha

A nan ake gane taron da ya amsa sunansa. Bayan addu'a ga magabata, dattijon gidan kan sa a gabatar da jariran da aka haifa da amaren da aka kawo, a ambaci waɗanda suka rasu. Sai a shiga masu nauyi: marayun wane, wa zai ɗauki karatunsu; gonar gado da aka shekara goma ba a raba ba; 'yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji tun wata rigimar iyaka. Irin wannan sulhu ba a yinsa a bainar jama'a. Dattawa uku ko huɗu kan ja masu rigimar zuwa wani ɗaki, sauran jama'a su ga sakamakon kawai in sun fito sun yi musafaha.

Asusun da aka kafa don haihuwa da asibiti yanzu ya samu sabon nauyi. Gidaje da yawa sun san ranar da aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya ana haɗa kuɗin fansa, aka sayar da gona ko shanu. Akwai kuma 'yan'uwan da suka baro ƙauye suka tare a gidan wani a Ƙaura ko Gusau, mutum sama da goma a ɗaki biyu. Taron ne wurin da ake raba wannan nauyi, don kada ya karye wuyan mutum ɗaya.

Aure ma kan ƙullu a wurin, tunda samari da 'yan matan da ba su taɓa ganin juna ba sun haɗu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya na cikin dangi ke amfani da damar su ja hankali kan gwajin jini kafin a sa rana. In namiji da mace duka suna ɗauke da rukunin AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar sikila, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar masu irin jini ɗaya.

Ba Hausawa kaɗai ke wannan ba. Matan Ibo na komawa garuruwan mazajensu kowane Agusta don taron raya gari, mutanen Ijebu Ode kuma na yin Ojude Oba a rana ta uku bayan Babbar Sallah, inda zuri'o'i da sa'o'in haihuwa ke fitowa cikin ado su gaida Awujale. Bambancin shi ne su tambayarsu nawa za a kashe, mutumin Shinkafi kuwa tambayarsa ta farko ita ce yaya hanya.

Wannan tambaya ce ke sa batu na ƙarshe a ajanda ya fi kowanne zafi: ina za a yi na baɗi? Matasa da ma'aikata kan ce a mayar da shi Gusau ko cikin garin Ƙaura, inda akwai masauki da sauƙin zuwa. Dattawa kan ce yaron da bai taɓa ganin kushewar kakansa da iyakar gonar gidansu ba, ranar rabon gado baƙo ne. Wasu gidajen sun raba gardamar biyu: babban taro a birni, sannan wakilan ɗakuna su shiga mota ɗaya da safe su kai wa tsofaffin da suka ƙi tashi goro da tsaraba da kwafin abin da aka zartar, su juyo kafin azahar. Wasu kuma sun koma yin karɓa-karɓa, bana a gida in hanya ta yi kyau, baɗi a birni, kuma ba a tsayar da magana sai ana saura mako guda, bayan an tuntuɓi direbobin tasha.