Yadda maganin ciwon sukari na Actos ya jawo wa kamfanin Takeda biyan diyyar dala biliyan 2.4

A watan Afrilun 2015, kamfanin haɗa magunguna na Takeda da ke ƙasar Japan ya amince zai biya kusan dala biliyan 2.4 domin sasanta ƙararraki kimanin 9,000 da aka shigar a kansa a Amurka. Masu ƙarar sun ce maganin ciwon sukari na Actos ne ya janyo musu kansar mafitsara, kuma kamfanin ya san da haɗarin amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Takeda ya biya kuɗin ba tare da ya amsa laifi ba.

Mene ne Actos?

Actos sunan kasuwa ne na sinadarin pioglitazone, wanda ke taimaka wa jikin mai ciwon sukari nau'i na biyu ya riƙa amfana da insulin yadda ya kamata. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1999, kuma Takeda ya tallata shi a can tare da kamfanin Eli Lilly na tsawon shekaru.

Tun kafin a fara sayar da shi, gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ƙari a mafitsarar wasu daga cikin mazan. Wannan ne ya sa aka shirya binciken shekara goma a kan majinyata a jihar Kalifoniya.

A watan Yunin 2011 al'amarin ya sauya. Faransa ta dakatar da sayar da maganin, Jamus ta umarci likitoci su daina rubuta shi ga sabbin majinyata, FDA kuma ta yi gargaɗin cewa shan sa fiye da shekara guda na iya ƙara haɗarin kansar mafitsara. Daga nan ƙararraki suka fara kwarara.

Me ya faru a kotu?

An tattara ƙararrakin da ke kotunan tarayya a gaban Mai Shari'a Rebecca Doherty a jihar Luwiziyana. Tun kafin a fara shari'ar gwaji ta farko, alƙaliyar ta gano cewa Takeda ya bari an goge bayanan ma'aikatansa da dama waɗanda doka ta wajabta masa adanawa, ta kuma bari a sanar da masu taimaka wa kotu yanke hukunci hakan.

A watan Afrilun 2014 suka yanke wa kamfanonin biyu tarar ladabtarwa ta dala biliyan tara, shida a kan Takeda, uku a kan Eli Lilly. Bayan wata shida alƙaliyar ta ce adadin ya wuce abin da tsarin mulki ya halatta, ta rage shi zuwa kusan dala miliyan 37. Takeda ya yi nasara a wasu shari'o'in a kotunan jihohi, amma da dubban ƙararraki na jiran sa, ya gwammace sulhu.

Shin kimiyya ta tabbatar da zargin?

Har yau masana ba su yi ittifaƙi ba. Binciken Kalifoniya, da aka wallafa a mujallar JAMA a 2015, bai sami ƙarin haɗari mai ƙarfin hujja ba. Wani da aka yi da bayanan majinyatan Birtaniya, wanda mujallar BMJ ta buga a 2016, ya sami ƙarin haɗarin. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa, FDA kuma ta sake jaddada gargaɗinta a Disambar 2016.

To me ya sa kamfanin ya biya, alhali kimiyya ba ta yanke hukunci ba? Saboda ma'aunin kotu daban yake da na ɗakin bincike. A ƙarar neman diyya a Amurka, ya isa mai ƙara ya nuna cewa hujjarsa ta fi rinjaye. Kuma jigon ƙararrakin shi ne haƙƙin gargaɗi: doka ta ɗora wa mai haɗa magani ya sanar da likitoci duk haɗarin da ya sani ko ya kamata ya sani, domin a auna amfani da illa kafin a rubuta wa majinyaci. Bayanan da aka goge sun raunana ikirarin kamfanin cewa bai ɓoye komai ba.

Halin da ake ciki

Ba a janye pioglitazone daga kasuwar Amurka ba. Tun 2012 wasu kamfanoni ke haɗa shi a farashi mai rahusa, kuma ana sayar da shi a ƙasashe da dama. Abin da ya sauya shi ne takardar da ke cikin kwalinsa, wadda yanzu ta hana ba da shi ga mai fama da kansar mafitsara. Likitoci na shawartar mai shan sa da kada ya daina da kansa, amma ya garzaya asibiti da zarar ya ga jini a fitsarinsa ko ya ji zafi yayin fitsari.